Muhawarar Surukin Mode

Shekara goma sha huɗu Bilyaminu ya yi a Wurno, amma in ka shiga garin kana cigiyar gidan Bilyaminu, sai mutane su yi ta kallon juna suna ɗaga kafaɗa. Kana cewa surukin Mode kuwa, hannu biyar za su nuna maka lungu ɗaya.

Daga Rabah ya zo da injin ban-ruwa guda da baki mai yawa, ya auri Kaltume, 'yar Baba Mode na Dinawa, dattijon da duk mai noman albasa a yankin nan yake cire takalmi in zai gaishe shi. Tun ranar ɗaurin auren sunan Bilyaminu ya nutse. A masallaci surukin Mode, a kasuwa surukin Mode, har masu lodin albasa zuwa kudu abin da suke rubutawa a jikin buhunansa ke nan. Abin yana ci masa rai ƙwarai, kuma maganar gaskiya yana da dalili, don albasarsa ba ta da makusa. Bakinsa ne dai ba shi da birki.

Ana cikin kakar zaɓen shugaban ƙasa, wata la'asar aka maimaita muhawarar 'yan takara a talabijin ɗin Sa'adu mai shayi. Benci ya cika. Kowa ya yi shiru yana saurare, ban da mutum ɗaya.

"Wanga na dama bai iya tsayuwa ba," in ji Bilyaminu. "Ku dubi inda yas sa hannu, kamar mai jiran canji. Wancan kuma an tambaye shi batun taki, ya koma batun jirgin ƙasa. Wallahi da ni na, minti biyu sun ishe ni in sa shi neman ƙohwa."

Sa'adu ya ɗaga buta yana zubo shayi daga sama. "To kai mi ka hana ka? Ga zaɓen ƙungiya nan tahe. Almustapha ya shekara takwas bisa kujera."

Tsokana ce Sa'adu ya yi, kowa ya sani, har aka yi dariya. Bilyaminu kuwa bai yi ba. Ƙungiyar Manoman Albasa ta Bakin Gulbi ba ƙaramar aba ba ce, mutanenta sun bazu tun daga Wurno da Rabah har Goronyo. Shugabanta ne yake zuwa Sakkwato karɓo taki, shi yake raba rigimar ruwa a fadama. Duk wannan bai dami Bilyaminu ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ana buga sunan shugaba a saman takardar ƙungiya da manyan baƙaƙe, sunansa shi kaɗai, ba a jingina shi da kowa.

Ko shayinsa bai shanye ba ya miƙe.

A al'ada, zaɓen ƙungiya ba shi da hayaniya. Dattawa su zauna su daidaita, ranar zaɓe a taru a filin firamare, mutane su yi layi a bayan wanda suke so, a ƙirga, a yi addu'a, a watse. Bilyaminu ya sami Malam Musaddiƙ, malamin firamare kuma sakataren ƙungiya, ya ce wannan tsohon yayi ne.

"Muhawara za a yi, irin ta talabijin. Rubuta doka. Kowane ɗan takara tsaye za shi magana, babu zama. Shi dubi abokin karawatai ido cikin ido, shi kira sunanai ƙarara, shi hwaɗi laihinai ukku gaban jama'a."

"Ukku?"

"Ukku. Ni ina da goma sha ɗaya na Almustapha, rangwame niy yi mashi. Ƙara da wanga: dut wanda yaj janye bayan an kaɗa ƙararrawa, sanƙira shi zagaya gari shina shelar matsoraci na."

Malam Musaddiƙ mutum ne mai son kallo. Ya rubuta tsaf, ya karanta masa, ya ba shi biro ya sa hannu.

Daga ranar gidan Bilyaminu ya koma wurin atisaye. Ya kifa turmin Kaltume a tsakar gida ya ɗora faifai, shi ne teburin magana. Ya sayo tabarau marar magani a kasuwa. Ya ɗaure ragonsa a gindin darbejiya ya sa masa suna Almustapha. Da safe kafin ya wuce fadama sai ya tsaya a bayan turmi, ya kurɓi ruwa a hankali kamar yadda ya ga ana yi, ya nuna ragon da yatsa.

"Ya ishe ka haka, sauka! Shekara takwas, ina takinmu?"

Ragon ya yi ta tuƙa yana kallonsa. A rana ta uku dai haƙurinsa ya ƙare, ya tsinke igiya ya yi wa turmin karo ɗaya, ɗan takara da faifai da kofin ruwa suka zube cikin kwatami. Mashkura maƙwabciyarsu, wadda ta ɗauki leƙe ta kan katanga tamkar sana'a, ta yi kira.

"Kaltume! Hito ki gani, Almustapha ya ba da amsa!"

Bilyaminu ya tashi yana kakkaɓe riga, ya ce ko a talabijin haka 'yan adawa suke, in sun rasa hujja sai su koma tashin hankali.

Wani abin da ya koyo a talabijin shi ne babban ɗan takara ba ya cewa ni. Mu yake cewa: mu za mu gyara, mu jama'a take so. Bilyaminu ya rungumi wannan mu ɗin hannu biyu, har in Kaltume ta tambaye shi ko ya ƙoshi sai ya ce mun ƙoshi. Sannan ya ji a rediyo cewa kafin zaɓe ana bin mutane ana jin ra'ayinsu, a fito da alƙaluma. Ya ce shi ma sai ya yi. Da yake shi da biro ba sa shiri, ya cika aljihun dama da farin wake, na hagu da tsakuwa, ya rataya jaka. Wanda ya ce yana tare da su, ƙwayar wake a jaka. Wanda ya ce a'a, tsakuwa.

To, ga abin da Bilyaminu bai sani ba, kuma duk faɗin ƙungiyar shi kaɗai ne bai sani ba. A cikin makon nan Almustapha ya gaya wa dattawa ya gaji, gwiwa ta hana shi zirga-zirgar Sakkwato. Dattawa suka yi ɗango har Dinawa suka roƙi Baba Mode ya karɓa. Ya ƙi sau biyu, a na uku ya ce to. Labari ya bi fadama fangali bayan fangali. Ba wanda ya gaya wa Bilyaminu, don wa zai gaya wa mutum labarin gidansu? Malam Musaddiƙ kaɗai ya san inda aka kwana, shi kuwa ya ninke takardar doka ya sa a aljihu ya kama bakinsa.

Saboda haka da Bilyaminu ya sauka daga babur a Taloka, ya sami manoma suna dashe, ya gyara tabarau ya ce, "Jama'a, tsakani da Allah, ranaz zaɓe kuna tare da mu?" sai duk suka miƙe suna goge hannu.

"Haba, wa za shi ƙi ku? Ai kun ci an gama."

"Allah shi yi ma albarka. Ba kowane yaro ka shan rana haka ba."

"In ka koma ka gaida Baba."

Gaisuwar Baba ya saba da ita, ya haɗiye. Wake dai ya yi ta zuba a jaka. A Rabah haka, a bakin kasuwar Goronyo haka. A hanyar Kwargaba ya tarar da Bube, wani makiyayi, yana jingine da sanda shanunsa suna kiwo a gefen fadama. Bilyaminu ya taka birki.

"Bube, kana tare da mu?"

"Ni ban noman albasa. Shanuna dai ka taɓa ganyenta in kun yi nisa."

"Ba komi, ra'ayi na muka ji."

Bube ya sosa ƙeya. "In dai dattijon ga na, ai ko shanuna sun yarda. Mutum mai haƙuri, bai da yawan magana."

Bilyaminu ya shafa gemunsa, inda furfura huɗu suke zaune. Dattijo! Mai haƙuri! Shekara goma sha huɗu ba wanda ya taɓa lura sai wannan bawan Allah. Ya jefa wake ɗaya saboda Bube, ya dubi shanun, ya ƙara ɗan dintsi.

Kwana uku yana wannan yawo. Ranar Alhamis ya dawo da azahar, ya juye jakar a ƙwarya, wake ya kusa cika ta, tsakuwa biyu rak. Ɗaya ta wani kurma ce a Rabah wanda duk abin da aka tambaye shi a'a yake cewa, ɗayar kuma Bilyaminu yana zargin tun daga wurin mai awo ta biyo waken. Ya ajiye ƙwaryar a gefen turmi, ya tafi kiran Sa'adu da Malam Musaddiƙ su zo a ƙirga a gaban shaidu. A teburin shayi bayani ya ɗauke shi, bai dawo ba sai bayan la'asar, kuma shi kaɗai, don shaidun sun ce sai gobe. Kaltume ta ajiye masa shinkafa da wake da mai da yaji. Ya ci, ya nemi ƙari, sannan ya duba gefen turmi.

"Kaltume, ina ƙwaryad da nib bari nan?"

"Ta wake? Ga shi nan ka ci. Tsakuwa biyu nit tsince ciki."

Bilyaminu ya dafe kai. "Inna lillahi! Kin dahe mani ra'ayin jama'a!"

"Ra'ayin jama'a na? Shi yas sa yay yi tauri, sai da nis sa kanwa."

"Wanga maguɗi na! Cikin gidana!"

"Malam, kwano biyu kac ci. In maguɗi na, da kai anka yi shi."

Ya yi ta safa da marwa a tsakar gida, daga baya ya yanke cewa ba a yi asara ba, tunda alƙaluman suna cikinsa a zahiri. Ya tsayar da su a kan casa'in da tara cikin ɗari. Kaltume ta dube shi, tausayi ya ɗan kama ta.

"Malam, yaushe rabonka da Dinawa? Ka tai ka gaida Baba kahin Asabar. Akwai magana."

"Bayan zaɓe. Ɗan takara ba ya haɗa siyasa da harkag gida."

"Ai maganar ta zaɓen ta. Baba..."

Ya ɗaga mata hannu kamar mai tsayar da mota. "Na san abin da za ki ce. Shi sa muna baki wurin dattawa. Ba mu so! Wagga kujera da ƙahwammu za mu hau ta."

"To, ni dai na hwaɗi," in ji Kaltume, ta kwashe kwanoni.

Saura tallata muhawara. Bilyaminu ya kai wa Gambo sanƙira, mai shelar gari, goro da sabuwar hula, ya ce a sanar da jama'a. Da safiyar Juma'a yana ɗaura buhu a babur sai ya jiyo muryar Gambo daga bakin kasuwa.

"Ana gaishe ku jama'a! Gobe Asabar bayan la'asar akwai muhawara hilin hiramare! Wanda yak kira ta shi na surukin Mode! Mode na Dinawa! Mode mai rudu goma na ajiyar albasa, albasa ta shekara ba ta ruɓe ba! Mode da ba a jin bakinai sai aikinai! Mode..."

Gambo ya ci layi guda cur yana Mode. Bilyaminu ya yar da buhu ya bi shi da gudu, ya cim masa a gaban masu nama.

"Gambo! Wa yab ba ka hulad da ag ga kanka?"

"Kai na."

"To mi yas sa nij ji sunan Baba sau ashirin, nawa ko sau guda? Wanga shi na son kai na 'yan jarida da aka hwaɗi rediyo!"

"Ni ba ɗan jarida ba na, sanƙira ni ke. Kirari da asali aka yi nai. Kai da wa kaka so in jingina ka?"

"Da kaina!"

Gambo ya dube shi sama da ƙasa. "Kanka bai kai jingina ba tukuna."

Masu nama suka tuntsire. Kafin Bilyaminu ya nemo amsa, wani ya miƙo masa waya ya ga sanarwar da Malam Musaddiƙ ya tura zauren ƙungiya. An sa hoto, amma hoton wani taron suna ne: Baba Mode zaune a kujera cikin farar riga, a gefen ƙafarsa kuma ga saman wata hula da kunne ɗaya. Hular da kunnen na Bilyaminu ne. Da ya kira ya yi ƙorafi, Malam Musaddiƙ ya ce shi kaɗai ne hotonsa da aka samu, kuma duk wanda ya san kunnen zai gane.

"Dut bakinsu ɗaya," in ji Bilyaminu. "Almustapha ya saye su. Gobe jama'a za ta ba su amsa."

Ranar Asabar filin firamare ya cika tun kafin a idar da la'asar. An zo daga Taloka a bayan a-kori-kura, an zo daga Rabah a babura, har Bube ya bar shanu ya tsaya a bakin fili. An fito da tebura biyu na aji, an ɗaura lasifika a reshen bishiya, Malam Musaddiƙ ya zauna a tsakiya da ƙararrawar makaranta. Bilyaminu ya iso cikin babbar riga mai sitaci tana ƙara, da tabarau, da gorar ruwa. Ya tsaya a bayan teburinsa yana ɗaga wa jama'a hannu biyu. Mutane suka ɗauka ya zo gwada wa Baba tebur ne, suka yi ta sa masa albarka.

Ya hango Almustapha a zaune cikin 'yan kallo ya miƙe ƙafa yana cin gyaɗa. Bilyaminu ya yi murmushi. Tsoro ne, ya ce a ransa.

Malam Musaddiƙ ya karanta doka daga farko har ƙarshe, ya nuna sa hannun wanda ya tsara ta. Sannan ya kaɗa ƙararrawa da ƙarfi, ya ce, "'Yan takara biyu muka da su. Ga na hwarko tsaye. Na biyu shi hito."

Jama'a suka dare. Wani dattijo siriri cikin farar riga ya tako a hankali yana dogara sanda, ya zo ya tsaya a bayan ɗaya teburin.

Ba wanda ya ga lokacin da Bilyaminu ya cire takalmi. Ganinsa kawai aka yi ya ɓace a bayan tebur, sai hula take leƙowa. Ƙafafunsa ne suka yanke shawara ba tare da sun tuntuɓe shi ba. Ƙus-ƙus ya tashi daga baya zuwa gaba yayin da mutane suke gane ko su waye mu ɗin da yake ta faɗa. Wani mutumin Taloka ya ce da ƙarfi, "Au! Wai kanai yaka nuhi?"

"Doka ta ce tsaye," in ji Malam Musaddiƙ.

"Malam, na janye," in ji hular.

"An riga an kaɗa ƙararrawa. Gambo, kana kusa?"

"Ga ni," in ji Gambo, yana gyara murya.

Bilyaminu ya ɗago rabi, ba tsaye ba ba tsugune ba, kamar mai ciwon baya. Malam Musaddiƙ ya sauko masa da makirufo daidai bakinsa ya ce yana da minti biyu. Bilyaminu ya dubi ƙasa, ya dubi bishiya, ya dubi ko'ina ban da teburin da ke gabansa.

"Baba, an wuni lahiya?" Lasifika ta kai gaisuwar har bakin titi.

"Lahiya lau."

"Ya gajiya? Ya mutan gida? Ya Inna da ƙahwa?"

"Da sauƙi."

"Ya ruwa wajenku? An gama dashe?"

"Saura kaɗan. Ya su Kaltume?"

"Suna gaishe ku, Baba."

"Sunan abokin karawa," in ji Malam Musaddiƙ. "Ƙarara."

Bilyaminu ya buɗe baki. Tun da ya yi aure sunan nan bai taɓa fita daga bakinsa ba, ko Moden da ke gyaran injin a kasuwa Mai-sifana yake ce masa. Ya yi "Mmm", ya kurɓi ruwa, ya ƙware, ya yi ta tari a cikin makirufo. Daidai nan minti biyu suka cika, Malam Musaddiƙ ya girgiza ƙararrawa a gefen kunnensa. Firgitar da ya yi ce ta ɓalle abin da ya kwana goma yana haddacewa a gaban rago. Yatsa ya miƙe da kansa.

"Ya ishe ka haka, sauka!"

Salati ya tashi a fili. Bilyaminu ya kama yatsan da ɗaya hannun ya mayar da shi aljihu, gumi yana bin tabarau. Baba Mode, wanda kunnensa na hagu ya ɗan yi nauyi, ya karkato kai.

"Mi yac ce?"

Kowa ya dubi Gambo, don shi ne mai maimaita magana a taro. Gambo ya dubi Bilyaminu, ya taɓa sabuwar hularsa, ya ɗaga murya.

"Ya ce tsayuwa ta ishe ka haka, Baba, ka zamna!"

"Allah shi yi mashi albarka," in ji Baba Mode. Aka kawo kujera ya zauna. Ranar ce Bilyaminu ya fara ganin amfanin son kai na 'yan jarida.

Da aka zo kan laifi uku, Bilyaminu ya ce laifin Baba na farko shi ne yawan kyauta, na biyu yawan haƙuri, na uku kuma ba ya hutawa. Almustapha ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi. Sai aka miƙa wa Baba Mode makirufo. Ya riƙe shi nesa da baki kamar mai riƙe garwashi.

"Ni ban iya wagga aba ba. Magudanar Kwargaba ta cike, in anka ba ni za mu yashe ta kahin ruwa. Taki kuma gaban kowa za a raba shi. Shi ke nan."

"Laihin abokin karawa, Baba. Ukku."

Dattijon ya gyara zama. "Shina da magana. Wanga ɗaya. Bai jin ta mutane sai tashi, biyu." Ya juya sandarsa. "Na ukku, albasatai ta hi tawa kyau shekara ukku jere, kuma bai taɓa hwaɗi gabana ba. Ni kau na sani."

Bilyaminu ya sunkuyar da kai. Duk cika-bakin da ya yi a duniya, wannan ɗaya ce gaskiya, kuma ita kaɗai ce bai taɓa yi ba.

Aka zo zaɓe. Malam Musaddiƙ ya ja layi biyu a ƙasa, ya tsayar da kowane ɗan takara a kan nasa. Kafin ya rufe baki jama'a sun yi ɗango a bayan Baba Mode har bakin katangar makaranta. Bilyaminu ya waiwaya bayansa. Babu kowa sai wata kaza tana tono. Casa'in da tara cikin ɗari suna can suna kallon sama.

Baba Mode ya leƙo ya gan shi tsaye shi kaɗai cikin sitaci.

"Ni ba ni zaɓen kaina," ya ce. Ya dogara sanda ya tako, ya zo ya tsaya a bayan Bilyaminu.

To, mutane bayan Baba suka zo bi. Da suka ga ya matsa, layin gaba ɗaya ya karkato kamar garke, ya sake miƙewa a bayansa. Sai ga Bilyaminu a gaba, Baba Mode a bayansa, mutum ɗari biyu da wani abu a bayan Baba.

"Kai, tsaya! Wanga layin na wa na?" in ji wani.

Malam Musaddiƙ ya duba takarda, idonsa yana ƙyalli. "Layi na wanda ag gaba na. Haka aka yi tun kakanni." Ya fara ƙirga. "Ɗaya. Biyu. Ukku."

Hayaniya ta kaure, amma ba wanda ya iya fita daga bayan Baba, shi kuma Baba bai motsa ba. Bilyaminu ya tsaya ƙiƙam. Ga kujera ta zo har hannunsa. Ga sunan nan a saman takarda, da manyan baƙaƙe, yana ganinsa ƙuru-ƙuru. Abin da ake bukata kawai ya daure ya tsaya. Amma yana jin numfashin dattijon a ƙeyarsa, yana jin ƙarar sandarsa in ya gyara tsayuwa. Shi Bilyaminu, a tsaye, ya ba surukinsa baya a gaban Wurno da Rabah da Goronyo!

"Talatin da takwas. Talatin da tara."

Ƙeyarsa ta yi zafi kamar an ɗora mata dutsen guga. A arba'in da ɗaya ya tattare babbar riga, ya zabura ba takalmi, ya bi gefen layin da gudu yana "Ku gahwarce ni, ku gahwarce ni," bai tsaya ba sai da ya kai wutsiya, ya laɓe a bayan Bube, wanda shi ma ya shiga layi ko da ba ɗan ƙungiya ba ne.

Dariyar da aka yi ranar, har yau in an tuna sai an share hawaye. Baba Mode ya zama shi ne a gaba, aka sake ƙirga. Da aka gama ya kira Malam Musaddiƙ ya ce shi fa ya riga ya jefa ƙuri'arsa, a rubuta ta inda ya jefa. Aka rubuta. Aka miƙa wa Gambo takarda, aka ce sakamako ba a yi masa kirari, yadda aka rubuta haka za a karanta. Gambo ya kama makirufo.

"Mode, ɗari biyu da goma sha ukku!"

Aka yi kabbara. Gambo ya sake duba takardar, ya juya ta ko akwai ƙari a baya. Babu.

"Bilyaminu!" Ya ɗan dakata, bakinsa yana neman abin da ya saba biyo baya. "Ɗaya!"

Aka yi tafi har da fito. Bilyaminu ya koma neman takalminsa, ya sami ƙafa ɗaya, ya rataye ta a hannu ya nufi gida. A hanya mutum uku suka tsokane shi, kuma duk ukun da sunansa suka kira shi.

Ya tarar da Kaltume tana tankaɗe a tsakar gida, kafaɗunta suna rawa don dariya. Ya zauna a bakin tabarma ya cire tabarau.

"Lasihikar ta kawo nan?"

"Har madahi. Ni da Mashkura mun ji komi."

"Kin ji sakamako?"

"Na ji ɗaya."

"Ba ɗayan ba. Abin da yaz zo kahin ɗayan."

Kaltume ta ajiye rariya. Ita ma tun da aka kawo ta gidan nan sunan bai taɓa fita daga bakinta ba, kuma ba yau za ta fara ba. Ta dube shi, rigar ta yamutse, ƙafa duk ƙasa.

"Na ji an kira wani suna da ba ni hwaɗi," ta ce. "Shi kaɗai, babu jela."

Bilyaminu ya gyara zama, ya miƙe ƙafafu.

"Kuma ki lura," ya ce, "dut hilin nan, ni kaɗai shugaba yaz zaɓa."